Gabashin Turai Bayan Gurguzu: Ina Zumuɗin Dimokuraɗiyya Ya Tafi?

A watan Yunin 2024 aka buɗe rumfunan zaɓen majalisa a Bulgeriya, amma cikin kowane mutum uku masu rajista ɗaya kawai ya taka ƙafa ya je. Zaɓe na shida ke nan cikin shekara uku da 'yan watanni, kuma kafin shekarar ta fita sai da aka sake yin na bakwai, saboda jam'iyyu sun kasa haɗa gwamnatin da za ta ɗore. A wannan ƙasa dai ce, a watan Yunin 1990, kusan kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka yi dafifi a rumfuna, bayan shekara arba'in da ɗoriya ana mulkinsu da jam'iyya ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi layi a wancan lokaci suna nan da ransu. Su ne yanzu suke zaune a gida ranar zaɓe.

Akwai amsar da ake yawan bayarwa, musamman a yammacin Turai: wai mutanen da suka tashi a ƙarƙashin kwaminisanci ba su saba da 'yanci ba, sun saba gwamnati ta ba su aiki da gida ta kuma yi musu tunani, don haka zuciyarsu tana wurin shugaba mai taurin hannu. Wannan amsa ba ta gamsar da ni, kuma ina ganin akwai rainin hankali a cikinta. Ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity da ta tashi daga tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a 1980 ta tara mambobi kusan miliyan 10 a Poland, hukuma na kallo tana cizon yatsa. A watan Agustan 1989 mutane kimanin miliyan biyu suka riƙe hannun juna tun daga Tallinn, suka ratsa Riga, har Vilnius, manyan biranen ƙasashen Baltik uku, tafiyar sama da kilomita 600. Ranar 9 ga Oktoba mutum dubu 70 suka fito a Leipzig ta Jamus ta Gabas alhali kowa na jin za a iya buɗe musu wuta. A Timisoara ta Romaniya kuwa an buɗe wutar, an kashe, ba su koma gida ba. Wanda ya sa ransa a haka ya san darajar abin da yake nema.

Abin da ya faru, a ganina, shi ne dimokuraɗiyya da wahala sun shigo gari rana ɗaya, har mutane suka kasa raba sunan wannan da fuskar waccan. Abin da ya fi wannan ciwo kuma, babbar shawarar da ke gaban waɗannan ƙasashe, wato wa zai mallaki masana'antu da ma'adinai da gonakin da a jiya ake ce musu dukiyar jama'a, an yanke ta cikin gaggawa a wurin da ƙuri'a ba ta kai ba.

A Rasha aka fi ganin abin tsirara. Ranar 2 ga Janairun 1992 gwamnatin Boris Yeltsin, bisa jagorancin ministansa Yegor Gaidar, ta saki farashin kaya. Cikin shekarar farashi ya ninka fiye da sau ashirin. Ma'aikacin da ya yi shekara talatin yana tara kuɗi a bankin ajiya na gwamnati don ya sayi mota ko ya tanadi kuɗin jana'izarsa, sai ya wayi gari abin da ya tara bai wuce cefanen 'yan kwanaki ba. Daga nan aka raba wa kowane ɗan ƙasa takardar hannun jari mai darajar rubul 10,000, aka ce rabonsa ke nan daga dukiyar ƙasa. Anatoly Chubais, wanda ke kula da cefanar da kamfanoni, ya yi alkawarin cewa takardar za ta kai kuɗin mota Volga biyu. Mutumin da albashinsa ya yi wata da watanni bai fito ba ina zai iya jira? Wasu suka sayar da ita a bakin titi da abin da bai taka kara ya karya ba, wasu suka zuba ta a asusun zuba jari da suka ɓace da ita. Manajojin masana'antu da masu kuɗi a hannu suka tattare takardun. A wannan yanayi ne kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya wawure ajiyar miliyoyin mutane kafin ya ruguje a 1994. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen 'yan Najeriya, don MMM ɗin nan ne ya iso nan daga baya ya sa mutane kuka a ƙarshen 2016.

Sai babban rabon, a 1995. Gwamnati ta karɓi rance daga wasu 'yan bankuna ƙalilan, ta ba su jinginar hannun jarin manyan kamfanonin mai da ma'adinai, kowa kuma ya san ba za ta biya ba. Bankunan da suka shirya gwanjon su ne sau da yawa suka ci gwanjon. Ta haka Vladimir Potanin ya samu kamfanin Norilsk Nickel, Mikhail Khodorkovsky kuma ya samu kashi 78 cikin ɗari na kamfanin mai na Yukos a kan kimanin dala miliyan 300, kamfanin da bayan 'yan shekaru darajarsa ta kai dubban miliyoyi. Rabon gado ne aka yi ba a kira magada ba, da suka iso kuma aka nuna musu takarda mai hatimi cewa komai ya bi doka.

Da a ce siyasa ta tsaya tsaf, da talaka ya ce zai rama da ƙuri'arsa. To, a watan Oktoban 1993 Yeltsin ya sa tankokin yaƙi suka yi wa ginin majalisa luguden wuta bayan ya rusa ta ba bisa tsarin mulki ba, aka kashe mutum fiye da ɗari ko a ƙididdigar hukuma. Gwamnatocin yamma suka mara masa baya, suna cewa shi ne mai kare dimokuraɗiyya. Kundin tsarin mulkin da aka kawo a watan Disamba ya tara iko a hannun shugaban ƙasa, kuma wannan kundi ne Vladimir Putin ya gada. A farkon 1996 waɗanda ke goyon bayan Yeltsin ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Attajiran da suka ci rabon bara suka haɗa kai, gidajen talabijin na Boris Berezovsky da Vladimir Gusinsky suka zama 'yan kamfe, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 10, aka ɓoye wa jama'a cewa mutumin ya yi bugun zuciya kafin zagaye na biyu, ya kuma ci zaɓe. Bayan shekara biyu, a Agustan 1998, rubul ya sake faɗuwa ya tafi da ajiyar mutane karo na biyu. A tsakiyar wannan duka mutane suna mutuwa: tsawon rayuwar namiji a Rasha ya sauko daga kusan shekara 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, sanadin giya da ciwon zuciya da kisan kai, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da ba ta cikin babban yaƙi. Idan ka ce wa wanda ya rayu a waɗannan shekaru “dimokuraɗiyya”, abin da ke faɗo masa a rai ke nan. Putin bai sha wahala ba wajen sayar musu da kwanciyar hankali a madadinta.

Wani zai ce ai wannan Rasha ce, ƙasar da ba ta da mai riƙe ta. To a duba Jamus ta Gabas, wadda ta faɗa hannun ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya, aka kuma zuba mata maƙudan kuɗi. An gyara tituna, an gyara tsofaffin birane, fansho ya zo da kuɗi mai daraja. Amma hukumar Treuhand da aka damƙa wa kamfanonin gwamnati, masu ma'aikata kimanin miliyan huɗu, ta sayar da wasu ta rufe wasu cikin shekara huɗu, fiye da rabin ayyukan suka tafi. Masu sayen mafi yawa daga yamma suka zo. Shugabannin jami'o'i, alƙalai, manyan ma'aikatan gwamnati, editocin jaridu, su ma daga yamma. Injiniyar da ta yi shekara ashirin a masana'anta aka ce mata iliminta bai da amfani, ta koma koyon cike takardar neman aiki. Haihuwa ta ragu da fiye da rabi tsakanin 1989 da 1994, alamar mutanen da ba su san me gobe za ta kawo ba. Bärbel Bohley, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci boren 1989, ta ce adalci suka nema amma tsarin doka aka ba su. Nan ba yunwa ce ta ci mutane ba, wulaƙanci ne, a ce maka rayuwar da ka yi gaba ɗaya kuskure ce kuma ga wanda zai koya maka daidai. A zaɓen tarayya na Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ce ta zo ta ɗaya a duk jihohin gabas biyar.

Sauran ƙasashen kowace da irin nata. A Albaniya kamfanonin ninka kuɗi suka haɗiye sama da dala biliyan ɗaya daga al'ummar da ba ta fi miliyan uku da kaɗan ba, da suka rushe a 1997 aka fasa rumbunan makamai, mutum kusan dubu biyu suka mutu. A Moldoba dala biliyan ɗaya ta yi ɓatan dabo daga bankuna uku a 2014, a zamanin gwamnatin da ke kiran kanta mai son Turai. A wurare da dama kuma mutane sun ga tsofaffin jami'an jam'iyya da na 'yan sandan ciki sun cire jan baje sun zama 'yan kasuwa, su ne masu banki, su ne masu jarida.

Amma abin da na ga ya fi kashe gwiwa shi ne abin da ya biyo bayan zaɓe. Mutane sun yi amfani da ƙuri'arsu, ba su kwanta ba. Lituwaniya ta dawo da tsofaffin 'yan gurguzu a 1992, Poland a 1993, Hangari a 1994, duk don a sassauta. A Hangari gwamnatin Gyula Horn da aka zaɓa don ta rage raɗaɗi ita ce ta kawo matakan tsuke bakin aljihu na ministan kuɗi Lajos Bokros a 1995, masu zafi fiye da na baya. A Bulgeriya an gwada 'yan gurguzu, kuɗin ƙasa ya zama takarda a farkon 1997. An gwada masu adawa da su. A 2001 har aka ɗauko tsohon sarki Simeon, wanda aka kora yana yaro, aka ba shi firaminista bayan ya yi alkawarin sauya rayuwar mutane cikin kwana 800. Fuskoki na canzawa, hanya ɗaya ce, domin an riga an shata ta a yarjejeniyar masu ba da bashi da kuma sharuɗɗan shiga Tarayyar Turai, dubban shafukan dokoki da majalisu suka riƙa amincewa da su kusan ba muhawara. Mafi yawan jama'a suna son shiga Tarayyar, wannan gaskiya ne, sun kuma nuna haka a ƙuri'ar raba gardama. Sai dai shekara goma sha biyar na farko, lokacin da ya kamata mutum ya koyi cewa ƙuri'arsa tana juya akalar gwamnati, abin da ya koya shi ne akasin haka. Ivan Krastev, masanin siyasa ɗan Bulgeriya, da abokin aikinsa Stephen Holmes sun ƙara da wani abu a littafinsu na 2019: an ɗora wa waɗannan al'ummu aikin kwaikwayon yamma, mai kwaikwayo kuma kullum a baya yake, kullum wani ne ke ba shi maki, ƙarshenta haushi ne.

Hangari ta nuna inda haushin ke kaiwa. A Satumban 2006 aka fallasa wani faifai na firaminista Ferenc Gyurcsany yana gaya wa 'yan jam'iyyarsa a asirce cewa ƙarya suka yi ta yi wa jama'a game da halin tattalin arziki don su ci zaɓe. An yi tarzoma a Budapest, bai sauka ba. Sai rikicin kuɗi na 2008 ya zo, ƙasar ta koma hannun masu ba da lamuni, dubban ɗaruruwan iyalai da suka ci bashin gida da kuɗin Suwizalan suka ga abin da suke biya duk wata ya yi tashin gwauron zabo. A binciken ra'ayin jama'a da cibiyar Pew ta yi a 2009, kashi 72 cikin ɗari na mutanen Hangari sun ce yawancin jama'a sun fi shan wahala a lokacin fiye da zamanin kwaminisanci. A 2010 Viktor Orban, wanda yana saurayi a 1989 ya tsaya gaban taro ya ce sojojin Sobiyet su fice, ya samu kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa. Da wannan rinjaye ya sake kundin tsarin mulki, ya sake dokar zaɓe, ya cika kotun tsarin mulki da hukumar kafafen yaɗa labarai da nasa, a 2014 kuma ya fito fili ya ce ƙasar da yake ginawa ba mai bin tafarkin sassauci irin na yamma ba ce.

Ga kuma ƙaura, wadda ba a cika ba ta haƙƙinta a wannan zance ba. Bulgeriya tana da mutane kusan miliyan 9 a 1989, ƙidayar 2021 ta samu miliyan 6.5. Latbiya ta sauko daga sama da miliyan biyu da rabi zuwa ƙasa da miliyan biyu, Romaniya daga miliyan 23 zuwa 19. Raguwar haihuwa na ciki, amma ƙafa ce ta kwashe da yawa, kuma waɗanda suka tafi su ne matasa, likitoci, ma'aikatan jinya, magina. 'Yancin tafiya na daga cikin manyan abubuwan da aka nema a 1989, an kuma same shi. Amma ga tsohuwar da ke ƙauye, wadda aka rufe makarantar garinsu da asibitinsu, jikokinta kuma suna magana da Italiyanci ko Jamusanci ta waya, wannan 'yanci ya zo mata da kaɗaici. Mai ƙarfin da zai tsaya ya yi rigima da ɓarawon gwamnati ya ga sayen tikiti ya fi sauƙi.

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren, domin kewa tana da mantuwa. Tsarin da ya ruguje a 1989 ya riga ya tsiyace. A Poland da kati ake sayen nama. A Romaniya Nicolae Ceausescu ya biya bashin waje ta hanyar yanke wa mutane wuta da ɗumin ɗaki a tsakiyar hunturu. A Jamus ta Gabas hukumar 'yan sandan ciki ta Stasi tana da ma'aikata kusan dubu 90 da 'yan rahoto sama da dubu 170 a ƙasa mai mutum miliyan 16. Babu wata hanyar fita daga wannan da ba za ta yi zafi ba, kuma masu kewar wancan zamani ba gidan yari suke kewa ba. Aikin da ba a korar mutum, haya mai arha da likita kyauta suke tunawa. Sannan ba ko'ina aka yi asara ba. Poland ta sha wuya, rashin aiki ya kai kashi 20 cikin ɗari a farkon shekarun 2000, ƙauyukan tsofaffin gonakin gwamnati suka zama kango, amma ba ta yi gaggawar cefanar da manyan kamfanoninta kamar Rasha ba, ba ta haifi attajiran dare ɗaya masu juya gwamnati ba, tattalin arzikinta kuma ya ninka fiye da sau biyu. Alƙaluman Pew sun bi wannan sawu. A Yukren masu goyon bayan komawa tsarin jam'iyyu da yawa sun sauko daga kashi 72 a 1991 zuwa 30 a 2009. A Poland sun hau, har suka kai 85 a 2019, shekarar da a Rasha ba su wuce 43 ba. Duk sun fito daga gurguzu, da tarbiyyar gurguzu ce matsalar da ba a ga wannan tazara ba.

Mutanen Nijar za su gane wani abu a nan, ko da yake ƙasarsu ba ta yi kwaminisanci ba. Iskar 1989 ta kaɗo har yankinmu: Benin ta Mathieu Kérékou ta yar da aƙidar Markisanci ta yi babban taron ƙasa a 1990, Nijar ta yi nata a 1991. Mahamane Ousmane ya hau mulki ta hanyar zaɓe a 1993, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi a wani taro a Dakar, shawarar da babu mai ƙuri'a a Zinder ko Maraɗi da aka tambaya. A Janairun 1996 soja suka dawo.

Waɗanda suka girbi fushin gabashin Turai sun gane abin da masu sassaucin ra'ayi suka yi sakaci da shi. Jam'iyyar Doka da Adalci ta Jaroslaw Kaczynski ta ci zaɓen Poland a 2015, ta yi alkawarin kuɗin yara zuloti 500 duk wata, ta kuma biya tun daga 2016. Ga iyalai da yawa a ƙananan garuruwa, karo na farko ke nan da suka jefa ƙuri'a suka ga sakamakonta a aljihu. Wannan ba abin rainawa ba ne. Laifin shi ne da hannu ɗaya suna bayarwa, da ɗayan suna murɗe kotuna da talabijin ɗin gwamnati, wato suna lalata kayan aikin da za a kore su da shi idan sun ɓata. Duk da haka a Oktoban 2023 kashi 74 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito, adadin da ya zarce na zaɓen 1989, aka canza gwamnati. A Slobakiya, da aka kashe ɗan jarida Jan Kuciak da budurwarsa Martina Kusnirova a Fabrairun 2018, jama'a suka cika dandali har firaminista Robert Fico ya sauka, ko da yake ƙuri'a ta dawo da shi a 2023. A Sabiya, rufin tashar jirgin ƙasa da ya rufta a Novi Sad a Nuwamban 2024 ya kashe mutum 16, ɗalibai suka yi watanni a kan titi suna neman a fito da takardun kwangila a hukunta masu laifi. Duk inda mutane suka ga fitowarsu za ta iya taɓa mai mulki, sun fito.

Shi ya sa abin da ya faru a Romaniya yake damuna. A Nuwamban 2024 Calin Georgescu, mutumin da jam'iyyu ba su ɗauka da muhimmanci ba, mai yabon Putin, ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa bayan kamfe ta TikTok, yana cewa bai kashe ko sisi ba. Ranar 6 ga Disamba, saura kwana biyu a yi zagaye na biyu, kotun tsarin mulki ta soke zaɓen bisa rahotannin hukumomin leƙen asiri kan kuɗin da ba a bayyana ba da zargin hannun waje, daga baya kuma aka hana shi sake tsayawa. Mai yiwuwa zargin gaskiya ne, kuma ba na fatan irin wannan mutum ya mulki kowace ƙasa. Amma sama da mutum miliyan biyu ne suka zaɓe shi, da yawansu 'yan ci-rani masu tsinkar kayan lambu a Sifen da jinyar tsofaffi a Italiya, kuma an soke ƙuri'arsu ba tare da an baje musu cikakkiyar hujja a gaban kotu a bainar jama'a ba. Nicusor Dan ya ci zaɓen da aka sake a Mayun 2025, sai dai abokin karawarsa George Simion, wanda ya gaji magoya bayan Georgescu, ya samu kashi 46 cikin ɗari, kuma shi ne ya yi rinjaye a ƙuri'un 'yan ƙasar mazauna waje.